Samosa Marar Maiƙo: Murhun Gas Mai Obin Ko Eya-firaya?

Wa alaikumus salam ƙanwata. Tunda tambayarki ita ce wanne za ki saka kuɗinki a ciki don yin samosar nama da ba ta sha mai ba, eya-firaya (na'urar lantarkin nan mai gasa abinci da iska mai zafi) ko murhun gas mai obin, ba zan ja ki da nisa ba: ki sayi mai obin. Duka biyun ina da su a kicin. Ɗaya kullum yana aiki, ɗayan kuwa yana can saman kabad cikin kwalinsa.

Bari in ba eya-firaya haƙƙinta kafin masu ita su taso mini. Tana fitar da samosa da ƙarau-ƙarau, ta ma ɗan fi obin a nan, kuma minti 10 zuwa 12 a digiri 180 sun ishe ta. Yabon ke nan. Kwandon tawa guda bakwai ko takwas yake ɗauka idan ba a ɗora wata kan wata ba, idan kuwa kika ɗora, inda suka haɗu fari fat zai fito kuma da laushi. Gida mai mutum goma, ki lissafa zagaye nawa za ki yi. Kafin na ƙarshe su fito na farko sun huce, balle a sanyin Jos. Sai maganar wuta. Yawancinsu suna jan wat 1,400 zuwa 1,800, ƙaramin janareton nan na gida kuwa bai kai wat 1,000 ba, ba zai ɗauke ta ba. Kuɗin wutar da take ci ba wani abu ba ne, don mai wat 1,500 yunit ɗaya da rabi take sha a awa guda. Samun wutar a daidai lokacin da kike bukata shi ne aikin. Ki ƙaddara azumi ne, saura rabin awa a sha ruwa, samosa na jere a tire, aka ɗauke wuta. Kasko da mai za ki koma, abin da kika gudu tun farko.

Obin ɗin gas ba ruwansa da wannan. Ashana kawai. Tire ɗaya nawa yana cin samosa wajen talatin, kuma bayan samosa zai yi miki kek, mitfai, gashin kaza da kifi, ga kawunan girki a sama.

Lokacin sunan ɗiyar ƙanwar maigidana, ni aka ɗora wa samosa. Akwai gwaggonsu, dattijuwa mai faɗar gaskiya ko ta ɗaci, wadda ta daina taɓa duk wani soye-soye saboda ƙwannafi. Da ta ga tire ta kawar da kai, ta ce a kai wa yara. Na ce Gwaggo wannan ba ta ga kasko ba, gasawa na yi. Ta ɗauki ɗaya, ta juya ta, ta danna ta a jikin takardar da ke ƙarƙashin tiren, ta ɗaga ta duba ko za ta ga tabon mai. Ba ta gani ba. Ta gutsura, ba ta ce uffan ba, ta dai jawo tiren gabanta. Da za mu tafi ta ce in ƙulla mata sauran a leda, za ta sha shayi da su da asuba. Tun daga ranar, in za a yi sha'ani a gidan, ita ke aiko yaro a tuna mini "irin ta rannan". Wannan obin ɗin ne ya yi aikin, kuma ranar unguwar babu wuta tun safe.

Amma fa ki sani, gasasshiya ba soyayyiya ba ce. Ba za ta yi ƙananan ƙurajen nan da mai yake tayarwa a jikin fatar ba, launinta ma ba zai yi ja bai ɗaya ba, gefe-gefe ne ke fin yin duhu. Duk wadda ta ce miki babu bambanci, ba ta ci su a jere ba. Ribar ita ce babban cokali ɗaya na mai yana da kalori kusan 120, kuma cokali biyu zuwa uku sun isa shafa wa tire guda cur, maimakon lita ɗin da za ki tuttula a kasko, ki kuma rasa yadda za ki yi da ragowar.

To sai dai na'ura ba ita kaɗai ke rage nauyin samosa ba. Na ga masu eya-firaya mai tsada da samosarsu ke zama a ciki kamar dutse, saboda fatar ta yi kauri, naman kuma kitse ne. A nan aikin yake.

Fatar tukuna. Kwaɓin da ake yi wa mitfai, mai bota da kauri, kada ki kusance shi. Idan ya shiga obin tauri yake yi, ba ya ƙarau. Ga yadda nake yi: fulawa kofi 2, gishiri rabin ƙaramin cokali, mai babban cokali 2, ruwa kamar kashi biyu cikin uku na kofi, ki dinga zubawa kaɗan-kaɗan har ya haɗu ba ya kama hannu. Ki murza shi sosai, ki rufe ki bar shi ya huta minti 30. Hutun nan ba ɓata lokaci ba ne, shi ke sa in kin murza ya miƙe ya tsaya, ba ya janyewa ya dawo. Ki raba gida takwas, ki faɗaɗa kowanne kamar bakin ƙaramin faranti, ki shafa ɗan mai ki barbaɗa fulawa, ki ɗora wani a kai har huɗu. Sai ki murza su tare su yi faɗi, ki ɗora a busasshen kasko mai ɗumi, wuta can ƙasa, ki juya sau ɗaya ko biyu. Ba gasawa za ki yi ba, so ake kawai danyantakar ta tafi. Da kin ga ya fara kumbura ki sauke, ki ɓanɓare su ɗaya bayan ɗaya tun da zafinsu. Idan kin ɗaga falle ɗaya ya kamata ki hango inuwar yatsunki ta bayansa. Ki yanka kowanne gida huɗu, kin samu 32 ke nan. Ki lulluɓe su da tsumma mai ɗan damshi nan take, don iskar hunturu ba ta jira, kafin ki waiga sun bushe suna karyewa a wajen naɗi.

Akwai masu yin kwaɓin ruwa-ruwa su shafa da burushi a kaskon da ba ya kamu. Yana yi, ya ma fi sauri, sai dai yana saurin yagewa idan hannu bai saba ba.

Yanzu nama. Rabin kilo ya ishi wannan adadin idan za ki haɗa da kayan lambu. Ki nemi tsoka zalla, ta cinya, ba kitse ba jijiya. Kitsen saniya ne ke daskarewa a ganɗa idan samosa ta huce, kuma a garin nan, musamman Disamba da Janairu, ba ta daɗewa take hucewa. Ki zuba nikakken naman a busasshen kasko ba tare da mai ba, ki dinga farfasa shi da cokali kada ya dunƙule. Zai fitar da ruwansa. Ki bar ruwan ya tsotse, idan kin ga maiƙo ya taru a gefe ki karkata kaskon ki kwashe da cokali. Sai a lokacin za ki sa ƙaramin cokali biyu na mai, rabin albasarki, tafarnuwa ƙwaya huɗu, danyar citta kamar girman babban yatsa, attaruhu biyu ko yadda gidanku ke ci, kori da tayim ƙaramin cokali ɗai-ɗai, masoro, da ƙwayar kanumfari biyu dakakku. Kanumfari kam a yi hattara, in ya yi yawa shi kaɗai za a ji. Kayan ƙamshi sai sun taɓa mai mai zafi suke buɗewa, shi ya sa ba a hana su wannan ɗan man ko da rage maiƙo ake yi. Dunƙule ɗaya ya isa. Idan don hawan jini ake wannan hidimar a gidanku, to gishiri da dunƙule ne abin sa wa ido, gasawa kaɗai ba ta wadatar ba.

Sauran rabin albasar ki ajiye sai kin kusa saukewa. Dalili kuwa, obin yana busar da cikin samosa fiye da suya, wannan albasar da ba ta gama dahuwa ba ita za ta ba naman laushi a cikin gashi. Ki haɗa da karas yankakke ƙanana, koren fis da lawashi, ki matsa rabin lemon tsami. Mu da Allah ya ba kasuwar Farin Gada, ai ba mu da uzurin cika samosa da nama zalla. Dankalin turawa na Bokkos yana ƙara auki, amma kada ya wuce ɗaya ko biyu, ki yanka ƙanana ki ɗan tafasa, don shi ma nauyi ne. Kabeji kuwa ban ba ki shawara ba, ruwa yake saki a ciki ya jiƙa fatar. Haɗin ya zama a warware, ba romo ko kaɗan, kuma ya huce sarai kafin ki fara naɗi. Nama mai zafi tururi yake yi, tururi kuma shi ne ke fasa samosa.

Ki dama fulawa cokali biyu da ruwa ta yi kauri don liƙe baki. Kada ki cika cusa nama, ki danne kusurwoyin nan uku da kyau.

Wajen gashi, ki kunna obin ya yi minti 10 zuwa 15 yana zafi kafin tire ya shiga. Digiri 200 ake so, idan naki lambobi ne da shi irin na gas, lamba 6 ke nan. Ki shimfiɗa farar takardar gashin kek, ki shafa wa kowace samosa mai gaba da baya da burushi, shafawa ba jiƙawa ba, ki jera da ɗan tazara. Minti 20 zuwa 25, ki juya su a tsakiya. Aibin obin ɗin gas ɗaya ne, kuma gara ki ji daga bakina: yawancinsu wutarsu daga ƙasa take, ƙasan samosa zai iya ƙonewa samanta na nan fari. Ki sa tiren a layin tsakiya ko na sama, ki kuma ajiye wani tire babu komai a layin ƙasa ya tare zafin. Idan sun fito kada ki rufe su a kula, gumi za su yi su saki. Ki baza su a buɗe su sha iska. Waɗanda ba za ki gasa ranar ba, ki jera a tire su daskare a firiza kafin ki juye a leda, in kin tashi ki sa su a obin a daskarensu ki ƙara kamar minti biyar.

Ba ki tambaya ba, amma zan faɗa. Nikakken naman da kika tarar an riga an niƙa an tara a roba, ki wuce shi. Wasu a nan suke shigar da kitse, tantani, huhu da ragowar jiya, injin ya haɗe su ya ba ki abu ja mai kyan gani. Ki zaɓi tsokarki da idonki, a auna a gabanki, a yanke kitsen kafin a ɗora a sikeli ba bayan an ɗora ba, sannan ki tsaya a niƙa. Ki kuma leƙa bakin injin, don abin da ya saura na wanda ya riga ki shi ke fara fitowa, ki ce a ware shi. In babu inji mai tsafta kusa, ki tafasa naman sama-sama ki daka a turmi, iyayenmu da shi suka yi dambun nama.

Masu kayan wuta ma haka. Na gwanjo da aka shigo da su daga Amurka na wuta 110 zuwa 120 ne, tamu kuwa 230 ce, kina jonawa ta ƙone, mai shago kuma ya ce ke kika lalata. Ki juya bayan na'urar ki karanta da kanki. Murhun gas ɗin kuma kada ki yarda da "sabo ne a kwali, ba sai an gwada ba". A jona tukunyar gas a shagon, a kunna kawunan duka, a kunna obin ɗin, ki ga harshen wutar shuɗi ne ba ja ba. Ki rufe ƙofar ki bi gefenta da hannu, in zafi na tsirtowa to robar bakin ta mutu, gas ɗinki zai dinga ƙarewa samosa ba ta gasu ba. Ki tabbatar tire da ragar ciki suna nan, don akwai masu zarewa su sayar miki daban. Ki karɓi rasit mai sunan shago da kwanan wata, kuma in da hali ki tafi da wanda ya san kan gas.