Cohiba Behike ko Padrón 1964: Wacce Mashaya Suka Fi Yabawa?

Da Cohiba Behike ta fito daga Kyuba a 2010, masu sha'awar sigar, wato tabar nan mai kauri da ake naɗewa da ganye zalla, sun yi ta zuzuta ta. Sirrinta shi ne ganyen medio tiempo, wanda ke fitowa can saman karan taba, kuma ba kowane kara ke fid da shi ba. Rana ta fi dukansa, shi ya sa ya fi ƙarfi. Waɗanda suka sha sun yaba da laushin hayaƙinta da ƙanshin itace da ƙasa. Sai dai wasu sun ce sabuwa ba ta nuna kanta sai ta kwana biyu a akwatin ajiya mai danshi.

Padrón 1964 ta Nikaraguwa kuwa, wadda aka fitar a 1994 don cikar kamfanin shekara 30, ba ta buƙatar wannan jiran, domin ganyenta ya shekara huɗu a ajiye kafin naɗi. Ɗanɗanonta na koko da kofi ne, kuma da wuya a ci karo da wadda ta toshe ta ƙi zuƙuwa, abin da ake yawan kuka da shi a tabar Kyuba.

Ga kuma tsada. Tun ƙarin farashin 2022 Behike ta fi ƙarfin aljihun yawancin mashaya, jabunta kuma sun cika kasuwa. A Amurka ma takunkumin da ƙasar ta sanya wa Kyuba a 1962 ya hana sayar da ita. A ganina Padrón ta fi biyan kuɗinta, ko da yake huhu da maƙogwaro ba ruwansu da wacce aka zaɓa, duka illa suke yi.