Kafin ka sayi suwic, duba wa zai iya taɓa me

Yawancin masu zuwa sayen suwic, wato na'urar da ke haɗa kwamfutoci a hanyar sadarwa ɗaya, ramukan jona kebul suke ƙirgawa, takwas ne ko 24. Ni abin da nake fara tambaya shi ne: mutum nawa za su riƙa shiga cikinsa, kuma idan hanyar sadarwa ta ɗauke, ta ina za a shiga a gyara?

Ƙananan na'urori irin TP-Link TL-SG108E suna da sauƙin kuɗi, amma asusu ɗaya ne tak, kuma babu ramin konsol, wato ramin da ake jona kwamfuta kai tsaye a shiga saiti ko da hanyar sadarwa ta ɗauke. Duk wanda ka ba kalmar sirri ya zama mai gida. Shago mai kwamfuta biyar wannan ya ishe shi. Makaranta ko ofis mai yara masu koyon aiki kuwa, ka tsallake shi.

MikroTik samfurin CRS mai manhajar RouterOS yana zuwa da rukunin izini uku, read da write da full, kana kuma iya ƙirƙiro naka. Sai dai ka lura, samfurin CSS da wata manhaja daban, SwOS, yake aiki, ta burauza kawai ake sarrafa shi.

Cisco ya fi ba da daki-daki. Matakan izini daga 0 zuwa 15 ne: mai shiga yana farawa a mataki na 1, inda yake ganin wasu bayanai, na 15 kuma komai a hannunsa yake. Tsakaninsu kana iya yanka wa ma'aikaci mataki na 5, ya riƙa kashe rami da kunna shi ba tare da ya iya share saiti ba. Na taɓa kwana gyaran wani ofis saboda an ba ɗan koyo cikakken izini, ya goge VLAN na sashen kuɗi, wato ɓangaren hanyar sadarwa da aka ware musu a cikin suwic, ba da gangan ba. Laifin na wanda ya ba shi ne.

Idan Cisco Catalyst 2960 na hannu za ka saya, kada ka biya sai ka jona kebul na konsol a gaban mai kaya. Buɗe PuTTY, manhajar da ake shiga konsol da ita daga kwamfuta, sa gudu 9600 (MikroTik 115200 ne, in ka sa gudun da ba nasa ba tarkacen haruffa za ka gani). Rubuta show version, ka duba ko akwai k9 a sunan manhajar. In babu, SSH, hanyar shiga daga nesa mai ɓoye kalmar sirri, ba zai yi ba, sai Telnet, wanda ke tura kalmar sirri a fili. Idan tsohon mai shi ya bar shi a kulle, a sa mai kaya ya danne maɓallin Mode lokacin kunnawa ya buɗe maka.

Da ka kai gida, sa enable secret (kalmar sirrin mataki na 15), sa kalmar sirri a line console 0 (shiga ta ramin konsol), ka rage exec-timeout (lokacin da suwic ke jira kafin ya fitar da wanda ya daina bugawa) daga minti 10 zuwa 5. Sannan ka buga write memory, don wutarmu in ta ɗauke, duk abin da ba ka adana ba ya tafi.