A karanta littafin da marubucinsa bai gama ba?

Ni dai na karanta duka littattafai biyar ɗin jerin A Song of Ice and Fire na George R. R. Martin kuma wallahi ban yi da na sani ba, amma fa tun 2011 da na biyar ya fito shiru kake ji, bakwai aka ce za su zama, dattijon nan haihuwar 1948 ne har yau na shida bai iso ba. Na ukun ya fi tafiya da ni, bikin auren nan da aka yi wa baƙi yankan rago, kwana biyu ban dawo daidai ba. Na huɗu kam akwai jan rai. In kana da gajen haƙuri kar ma ka fara, sama da shekara 10 kenan Jon Snow, ɗaya daga cikin taurarin labarin, na kwance cikin jini tun ƙarshen na biyar.