Wata takwas bayan an cire min maƙoƙo

Shekara shida na yi da maƙoƙo kafin na yarda a shiga da ni ɗakin tiyata. Da farko ɗan kumburi ne a gaban wuya, sai na ɗaga haɓa gaban madubi nake ganinsa. A hankali ya kai in na kwanta rigingine sai in ji kamar an ɗora min hannu a maƙogwaro, haɗiyar ƙwayar magani ma ta zama aiki. Hoton da aka ɗauka ya nuna ƙulle-ƙulle a ɓangarori biyu na tayirod, halittar nan mai siffar malam-buɗe-littafi da ke kwance a gaban bututun iska. Aka soka siririyar allura aka ɗebi samfur, aka ce ba ciwon daji ba ne, amma tunda ya fara danne hanyar numfashi, likita ta ce a cire gaba ɗaya.

Murya ce babbar fargabata, don koyarwa nake yi, da ita nake neman abinci. Likitar ba ta ɓoye min komai ba. Ta zana min a takarda jijiyoyi biyu da ke bi ta bayan tayirod suna motsa tantanin murya, ta ce in ɗaya ta ji rauni murya na iya dishewa, wani lokacin har abada. Kafin aikin sai da aka zura min ƙaramar kyamara ta hanci aka tabbatar tantanin na motsi. A nan kam ba ni da ƙorafi.

Shi aikin kansa ba ni da labarinsa. An yi min allurar barci, na farka bayan kusan awa uku da ɗan bututu a wuya yana fitar da jini. Abin mamaki, ƙeyata ta fi wurin yankan ciwo, saboda yadda aka lanƙwasa kaina baya tsawon aikin. Daren farko ma'aikatan jinya sun yi ta leƙa wuyana, don in jini ya taru a ciki yana iya toshe numfashi. Kwana biyu aka sallame ni.

A gida rigimar ta fara. Rana ta uku da aikin na ji kamar tururuwa na yawo a leɓɓana da kan yatsuna, kafin magariba yatsun hannun dama suka ƙage, kofi ma na kasa riƙewa. Muka koma asibiti a guje, gwajin jini ya nuna kalsiyam ya faɗi. Ashe a bayan tayirod akwai wasu ƙananan halittu huɗu, kowace ba ta fi ƙwayar shinkafa ba, ana kiransu paratayirod, su ke daidaita kalsiyam a jini. Ko an bar su a wurinsu, taɓa su da aka yi kan sa su yi sanyi na ɗan lokaci. An ba ni ƙwayoyin kalsiyam ranar sallama, amma wadda ta miƙo min cewa kawai ta yi, "Hajiya, ki riƙa sha sau uku." Na ɗauka maganin ƙarin ƙarfi ne, na yi ta tsallakewa. Laifina ne, amma ba ni kaɗai ba. Minti biyu na bayani da ya hana ni wannan daren. Da aka haɗa min da bitamin D, cikin mako biyar abin ya wuce.

Sai kuma levothyroxine, ƙwayar da ta maye gurbin abin da aka cire, wadda zan sha har ƙarshen rayuwata. Ana shanta da safe da ruwa zalla kafin a ci komai, a jira rabin awa zuwa awa ɗaya. Abin da ban sani ba shi ne kalsiyam da maganin ƙarin jini mai sinadarin ƙarfe suna hana hanji zuƙarta, dole a raba su da awa huɗu. Ni kuwa don sauƙi sai in watsa su baki lokaci guda. Ga kasala, ga jin sanyi kowa na gumi, ga mantuwa, in shiga ɗaki in tsaya ina tunanin me ya kawo ni. A mako na shida gwajin TSH, wato sinadarin da ke cikin jini mai umartar tayirod ta yi aiki, ya fito sama sosai. Har na yi murna, na zaci alamar maganin ya wadata ce, ashe akasin haka ne: hawansa na nufin jiki na neman ƙari. Aka ɗaga min daga mikrogiram 100 zuwa 125, aka gyara lokutan sha.

Muryata ta tsira, sai dai wata biyu ban iya ɗaga ta ba, ɗalibin da ke bayan aji sai in yafito shi da hannu. Tabon yana cikin layin fatar wuya, da ja ne, yanzu ya fara dusashewa, ina kare shi daga rana kamar yadda aka ce. Da za a mayar da ni baya zan sake yarda a yi, amma ba zan bar gadon asibiti ba sai an rubuta min sunan kowace ƙwaya, amfaninta da lokacin shanta. Kasalar yamma ba ta gama sakina ba, wata mai zuwa zan koma gwajin jini a ga ko 125 ɗin ta isa.