Geevor: mahaƙar kuzar da ta koma gidan tarihi a Pendeen

Wanda zai je Geevor ya ware aƙalla awa uku, ya sa takalmin da ba ya santsi, ya riƙe rigar ruwa. Wurin yana ƙauyen Pendeen, gundumar St Just, can ƙuryar yammacin Cornwall a Ingila, daf da teku. Akwai bas daga Penzance.

An kafa kamfanin haƙar kuza na Geevor a 1911. Faɗuwar farashin kuza a kasuwar duniya cikin Oktoban 1985 ita ta karya shi, kamar yadda ta taɓa mahaƙan Jos da Bukuru. Aka daina haƙa a 1990, aka kashe injinan janye ruwa a 1991, ruwa ya cike ramukan. Shi ya sa ba a sauka cikin babban ramin mahaƙar, mai suna Victory. Wanda ake shiga shi ne Wheal Mexico, tsohon rami na ƙarni na 18. Ana ba da hular kwano, kuma kada a cire ta, don rufin ya yi ƙasa, hanyar matsattsiya ce, ko'ina a jiƙe. Dogon mutum da mai ciwon baya za su ji jiki, keken guragu kuwa ba ya shiga.

Inda kuɗin tikiti ke fita shi ne sashen tace kuza. Ana bin dutse tun daga niƙa har zuwa teburan girgiza, inda ruwa ke kwashe yashi, kuza mai nauyi ta taru gefe guda. A bi ɗan rakiya a nan, domin yawancin injinan a tsaye suke, allunan bayani kaɗai ba sa nuna yadda aikin yake gudana. Sai ɗakin canja kaya na ma'aikata, wanda aka bari da riguna da takalma kamar gobe za a dawo aiki.

An buɗe gidan tarihin a 1993, ƙungiyar Pendeen Community Heritage ke riƙe da shi tun 2001, kuma a 2006 UNESCO ta sa yankin cikin wuraren tarihi na duniya. Burin ƙungiyar shi ne adana gine-ginen da samar wa ƙauyen aikin yi. Na farkon yana tafiya, ko da yake iskar teku mai gishiri na cin ƙarfe, gyara ba ya ƙarewa. Na biyun ne da wuya: tikiti da wurin shan shayi ba za su maye gurbin ɗaruruwan ayyukan da aka rasa ba.

A duba ranakun buɗewa a intanet kafin a kama hanya, musamman lokacin sanyi.