Wata takwas ina amfani da ESLint a aikin React

Wata takwas ke nan da na ɗora ESLint, manhajar da ke duba kurakuran kod, a kan manhajar yanar gizo da muke ginawa da React, kayan aikin gina fuskar shafuka da harshen JavaScript, ni da abokan aiki uku. Kuskure guda ne ya kai ni gare shi. Akwatin bincikenmu yana nuna sakamakon kalmar da aka rubuta da farko, ko da mutum ya goge ta ya rubuta wata. Kwana biyu ina bin kod ɗin layi-layi. Ashe a cikin useEffect, inda ake ba React aikin da zai gudanar bayan ya zana shafi, ban saka ƙimar binciken a jerin abubuwan da aikin ya dogara da su ba, shi kuwa React ba ya sake gudanar da aiki sai wani abu a cikin wannan jerin ya canza.

ESLint karanta kod yake yi ba tare da ya kunna shi ba, ya ja layi a ƙarƙashin duk abin da ya saɓa wa dokokin da ka gindaya. Nicholas Zakas ne ya fara shi a 2013, shekarar da Facebook ya saki React ga jama'a. Shi kaɗai bai san yadda React ke aiki ba, sai ka haɗa masa eslint-plugin-react-hooks, kuma dokoki biyu na wannan kunshin su ne suka biya ni wahalata.

Ta farko, rules-of-hooks, tana hana ka kiran useState (mai riƙe ƙimar da ke canzawa a shafi) ko useEffect, waɗanda React ke kira hooks, a cikin sharaɗi ko madauki. Dalilin shi ne React ba da suna yake gane su ba, da jeri yake gane su: na ɗaya, na biyu, na uku. Idan yau an tsallake na biyu saboda sharaɗi bai cika ba, sai na uku ya ɗauki kayan da ba nasa ba. Wannan dokar ba ta taɓa yi mini ƙarya ba.

Ta biyu, exhaustive-deps, ita ce wadda da ta kama kuskurena cikin daƙiƙa ɗaya. Ita ce kuma muka fi yin gardama a kanta. A makon farko kusan kowa ya so ya rubuta eslint-disable ya rufe mata baki, domin da zarar ka ƙara abin da ta nema, wani lokaci aikin sai ya riƙa maimaita kansa ba tsayawa. Na zauna na bi wuraren ɗaya bayan ɗaya. A mafi yawansu laifin tsarinmu ne: muna ƙirƙirar aiki (function) ko abu (object) sabo a duk lokacin da aka sake zana shafin, React kuma yana ganinsa a matsayin canji. Wasu muka mayar da su cikin useEffect ɗin kansa, wasu muka naɗe da useCallback, wanda ke hana a sake ƙirƙirar aiki in ba abin da ya canza, wasu kuma muka gano tun farko ba sa buƙatar useEffect, lissafi ne da za a yi kai tsaye. A tsarin da aka ba da shawara gargaɗi kawai take yi. Ni na ɗaga ta zuwa kuskure, ban kuma yi nadama ba.

Saitin ya ci mini yini guda. Tun sigar 9 da ta fito a Afrilun 2024, fayil ɗin saiti ya koma eslint.config.js, alhali jagorori da yawa a intanet har yanzu .eslintrc suke koyarwa. Duba shekarar jagora kafin ka kwafa. Ka kuma kashe dokar react-in-jsx-scope, mai neman a shigo da React a duk fayil ɗin da ke zana shafi, tun React 17 ba a buƙatar abin da take nema.

Na yi wani gangancin da ba na so wani ya maimaita. Na ɗauko babban kundin dokoki na kunna gaba ɗaya, gargaɗi ya fito ɗaruruwa, yawancinsu a kan waƙafi da tazara. Cikin kwana uku ba wanda ke karanta su, har masu muhimmancin suka nutse a ciki. Sai na bar wa Prettier, manhajar da ke daidaita tazara da waƙafi a kod, maganar kyan rubutu, na saka eslint-config-prettier a ƙarshen saitin don kada su riƙa ja-in-ja. Abin da ya rage kaɗan ne: dokokin nan biyu, da jsx-key mai neman kowane abu a jeri ya samu alamarsa, da alt-text na kunshin jsx-a11y mai neman a rubuta bayanin hoto saboda makafi masu amfani da manhajar karanta allo. Sannan na sa --max-warnings 0, ta yadda ko gargaɗi ɗaya ba zai bari a haɗe sabon kod ba.

Inda nake da ƙorafi shi ne nauyi. Dokokin kunshin typescript-eslint (na kod ɗin harshen TypeScript) masu duba nau'in bayanai suna jan lokaci, domin sai sun karanta aikin gaba ɗaya, kuma a tsohuwar kwamfutata jan layin yakan makara. Duk da haka na bar no-floating-promises a kunne, don ta kama mana wurare biyu da muke aika bayanai zuwa sabar ba tare da mun tanadi abin da za a yi idan aikawar ta gaza ba.