Na ba asibitin hancin nan tauraro 4, ga dalilin da na riƙe ɗaya

Ni dai tun ina ɗan shekara 12 nake haɓo, ba kuma irin na wanda ya sa yatsa a hanci ba, ina zaune kawai sai in ji ɗumi ya gangaro kan leɓena, wani satin sau uku wani satin sau biyar. Sau biyu ana ƙona min jijiyar hanci da tsinken maganin nan silver nitrate a wani wuri daban, ya lafa wata biyu ya dawo kamar ba a taɓa ba. Shi ya sa da aka tura ni sashen kunne, hanci da maƙogwaro na wannan asibitin ban sa rai da komai ba wallahi.

Abin da ya fara ba ni mamaki, likitan bai ma fara da hancin ba. Cewa ya yi in turo harshe, ya juya leɓena na ƙasa, ya kama yatsuna yana dubawa ɗaya bayan ɗaya. Akwai wasu 'yan jajayen ɗigo kamar kan allura da na daɗe ina gani na ɗauka ba komai ba ne, ya danna ɗaya da ɗan gilashi sai ya ɓace, yana ɗagawa ya dawo ja. Sai ya ce, "Malam, a gidanku waye kuma yake haɓo?" Na ce babanmu, har hankici biyu yake yawo da su, da ƙanwata. Shekara da shekaru ba wanda ya taɓa min wannan tambayar.

Daga nan ya fesa min maganin kashe zafi, ɗaci kamar me yana sauka a maƙogwaro, ya zura siririyar kyamara ina kallon cikin hancina a allo, ga ɗigon nan birjik. Ya ce sunan abin HHT, ciwon gado ne da ƙananan jijiyoyin jini ke fitowa ba ƙwari, kusan mutum 1 cikin 5,000 ke da shi, kuma in uwa ko uba na da shi kowane ɗa rabi da rabi ne. Alamu huɗu ake dubawa, in an samu uku magana ta ƙare, ni kuwa ga haɓo ga ɗigo ga gado.

Na yaba da bai tsaya nan ba. Ya tambaye ni ko ina shan asfirin ko warfarin, magungunan da ke tsinka jini, ya sa a gwada daskarewar jini saboda ciwon von Willebrand, mai hana jini daskarewa da wuri, shi ma yana ɓuya a haɓo, ya ce kyamarar kuma don ya cire shakkun tsiro ne, musamman in jini da toshewa na hanci ɗaya ne. Gwajin ya nuna sinadarin ayon ɗina ya yi ƙasa sosai, ashe hakin da nake in na hau bene ba lalaci ba ne. Ya ƙi sake ƙona min, wai yawan ƙonawa na iya huda bangon tsakiyar hanci. Ya rubuta man da ke hana ciki bushewa, da tranexamic acid mai taimakawa wajen tsayar da jini, da maganin ƙarin jini, sannan hoton zuciya da ake yi da kumfar ruwan gishiri don a ga ko akwai irin jijiyoyin a huhu. Har ya gyara min kuskuren ɗaga kai sama, ya ce in sunkuya gaba in matse wajen taushin hancin minti 10 zuwa 15 ba leƙe.

Tauraron da na riƙe na masu karɓar kati ne. Ƙarfe 9 aka ba ni, sai kusan 12 na shiga, haɓon ma ya ɓalle min a kan benci na nemi auduga aka ce in jira nas ta dawo, a sashen hanci fa! Duk da haka na karɓar wa ƙanwata rana, na ce mata ta taho da tishu nata.